Maƙerin da Ya Auna Tafin Hannuna

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Mai rai Ya karɓi abinSa. 'Yarka ta fari ce ta kira ni a waya. Muryarta ta yi ƙasa, har sai da na matsa bakin ƙofa kafin na ji ta sosai. Ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ce mata na ji, gani nan zuwa. Daga nan na zauna a kan wani tsohon firij da aka kwantar a gaban shago. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya dosa; kai dai ka riga mu isa. Kwana huɗu ka yi a asibiti da ciwon ƙirji, kana da shekara sittin da tara.

Yaya, ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba, amma shekara talatin da uku ke nan da na fara kiran ka da wannan suna. Tun da muka raka ka makwancinka mutane ke ta faɗin alherinka, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Sai dai akwai maganar da ni kaɗai zan iya faɗa, ita ce ta sa na ɗauki biro. Ni ba marubuci ba ne, mai gyaran firij ne. Wanda ya ga maganata ta yi tsawo ya yi mini afuwa.

Na san ka ne a layin masu gyara, lokacin da na kama shagon da ke jikin naka. Shagonka bai fi taku uku ba a faɗi. Tebur ɗaya na ƙarfe, 'yar maƙera a kusurwa, magagarai jere a bango daga babba zuwa ƙarami, da rediyon da ba ta da murfin baya. Aikinka a lokacin yankan makulli ne, da gyaran kwaɗo da sikeli. A satina na farko aka kawo mini wani firij mai ƙofa biyu. Sukuru ɗaya ne ya hana ni aiki, yana can bayan injin, tsakaninsa da bangon firij ɗin bai fi yatsa biyu ba. Na sa hannu ta sama, na sa ta ƙasa, na kwanta, na durƙusa. Bayan hannuna duk ya ƙuje yana jini. Ina ta zagin wanda ya ƙera firij ɗin, har da iyayensa da ban sani ba.

Ashe kana tsaye a bayana. Ka ce, "Maƙwabci, ba ni sukundirebar nan."

Na miƙa maka, na ɗauka za ka gwada sa'arka ne. Sai na ga ka wuce shagonka ka cusa ta cikin wuta. Na biyo ka da gudu ina cewa ita kaɗai gare ni mai kyau.

Ka ce, "Ai don mai kyau ce na ɗauka. Mara kyau ba ta jure wuta."

Ina tsaye ina huci ka cire mariƙinta, ka lanƙwasa kan nan zuwa dama, ka lanƙwasa na can zuwa hagu, ta koma kamar ƙafar fara. Ka goge ɗaya kan da magagari har ya yi baki, amma baki ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Ka tsoma ta a baƙin mai ta yi ƙara, ka goge, ka miƙo mini. Ka ce wurin ba zai bar ni in juya hannu sosai ba, don haka in juya kaɗan da wannan bakin, in ya tokare in juyo ɗayan, zai sami tsagar sukurun daidai. Kafin shayin da ka bari a shagonka ya huce sukurun ya faɗo tafina. Daga ranar ka sa mini suna Mai Sanyi, wai ba ka taɓa ganin mai zafin kai irina a sana'ar sanyi ba. Sunan ya bi ni har gida, har matata da shi take kira na in tana son tsokana.

Kana da wata magana da kake yawan maimaitawa. Kakan ce wanda ya ɗaura sukuru a masana'anta bai sha wahala ba, domin lokacin da ya ɗaura shi injin a buɗe yake ta ko'ina, daga baya ne aka rufe shi da wasu sassa. Shi ya yi aikinsa ya tafi gida. Mai gyaran da zai zo bayan shekara biyar da hannunsa na nama da jini, shi ne ba a yi tunaninsa ba. Wannan abu yana ɓata maka rai ƙwarai, kana ganin sa a matsayin rashin adalci, ba rashin dabara kawai ba. Sau nawa na ga mutum zai yar da injin wanki ko fanka mai rai saboda sukuru ɗaya da ya gagara kaiwa, kai kuma ka ce a ajiye maka zuwa jibi.

Sannu a hankali yankan makulli ya koma gefe. Makanikai, masu gyaran keken ɗinki, kafintoci masu haɗa kabad, masu gyaran janareta, kowa ya gamu da sukurun da ya ɓuya sai a ce masa ya je wurinka. Wani makanike ne ya fara cewa babu inda hannun mutumin nan ba ya kaiwa, shi ke nan aka laƙaba maka Mai Dogon Hannu. Baƙo ya shigo layi yana tambayar shagon Mai Dogon Hannu, mu kuwa mu yi ta dariya, domin kai ne mutumin da zai bi mai kaya har bakin titi don ya mayar masa da noti ɗaya da ya manta. Uwargidanka ba ta taɓa son sunan ba. Na ji ta da kunnena tana cewa, "Duk sunayen duniya a rasa wanda za a ba ka sai na ɓarayi?" Ka ce mata, "Kwantar da hankalinki, da ni ɓarawo ne da ba su faɗa a gabana ba."

Yadda kake aiki ya isa a tsaya a kalla. Ba ka fara taɓa ƙarfe. Sai ka fara cusa sabulu mai laushi cikin lungun, ka zaro shi a hankali, ka ga siffar wurin da ido ba ya gani. Sannan ka lanƙwasa waya ka gwada hanyar shiga da ta fita, domin kakan ce shiga ba wuya, fitowa da sukurun ba tare da ya faɗa cikin inji ba ita ce sana'ar. Wani ka sa masa maganaɗisu a baki. Inda maganaɗisu zai yi ɓarna, sai ka yanko guntun roba ka sa ya riƙe kan sukurun. Ka taɓa cire wayar mitar gudu ta tsohuwar mota ka yi sukundireba mai lanƙwasuwa kamar maciji, ta bi kwana biyu ta isa inda ake so. Amma ba ka ɓoye aibinta ba. Duk wanda ka ba wa sai ka gaya masa ta iya kwancewa da ɗaurewa mai sauƙi, in sukuru ya yi tsatsa kada ya dogara da ita, murɗewa za ta yi ta cinye ƙarfinsa. Waɗanda suka ƙi yin aiki kuwa ba ka zubar da su. Kana da akwatin katako a ƙarƙashin tebur da kake kira akwatin kunya, kuma ka ce ya fi duk abin da ke rataye a bango koya maka aiki.

Abu na ƙarshe da kake dubawa, wanda ban ga wani maƙeri yana yi ba, shi ne hannun mai kayan. Ka ce ya buɗe, ka ce ya dunƙule, ka tambaye shi da dama yake aiki ko da hagu, a tsaye ko a kwance.

Ba zan manta da malamin makarantar nan mai keken guragu ba. Sukurun birkin kekensa ne ke yawan kwancewa, yana can tsakanin taya da mazauni. Kowane sati sai an kawo shi layinmu, a ɗaga shi a ajiye a benci, a kifa keken a ɗaure. Ranar da ya zo wurinka ya ce, "Ba zuwan ne ke damuna ba. Ɗaga ni da ake yi a gaban mutane kamar buhu, shi ne." Bayan an zaunar da shi a benci sai ka shiga keken nasa ka zauna, ka naɗe ƙafafunka don kada ka yi amfani da su, kana ta miƙa hannu baya kana laluba. Masu wucewa suna tambaya ko lafiya. Sati uku ka yi a kan aikin. Abin da ka fito da shi sanda ce siririya mai gwiwa ɗaya, a bakinta da ɗan ƙoƙo da ke faɗawa kan sukurun da kansa ko mutum bai gani ba. Malamin ya zura ta yana zaune, ya juya sau uku, ya taɓa birki ya ji ya kama. Ya yi dariya, sannan ya kau da kai yana kallon bango. Mu ma duk muka sami abin dubawa a wani wuri. Ya zo gaisuwar rasuwarka ranar Alhamis, shi ya turo kansa tun daga unguwarsu, ya ƙi yarda kowa ya taɓa keken.

Yanzu na zo inda alƙalamina ke nauyi.

Shekara goma sha biyar da suka wuce ka gama abin da ya fi komai cin ranka. Sukundireba ce mai kai a karkace, wadda mutum zai juya mariƙinta a nan, bakinta ya juya a can bayan kwana, ta hanyar wasu ƙananan haƙoran ƙarfe guda biyu masu cizon juna. Daga abin kaɗa ƙwai na uwargida ka samo dabarar, kuma ta daɗe tana neman sa a kicin kafin ta gane inda ya shiga. Wuyar aikin ita ce kan ya zama siriri kamar babban yatsa don ya shiga lungu, haƙoran kuma su yi ƙwarin ɗaukar ƙarfin hannun namiji. In ka rage kauri su karye, in ka ƙara ta ƙi shiga. Shekara huɗu kana wannan kokawa, ina kallo ta jikin bango. 'Yarka ta fari, wadda a lokacin take karatun zanen injuna, ita ta zana maka shi a takarda da awo da komai.

Aka yi shelar baje kolin masu sana'ar hannu a babban birni. Ni na matsa maka ka kai ta. Ka ce kai ba ka iya tsayawa gaban masu kwat kana bayani ba, ga cike takardu da ka tsana. Ka naɗe ta a tsumma, ka haɗa da zanen, ka ce, "Je ka nuna musu, bakinka ya fi nawa kaifi."

A rana ta biyu wani mutum daga kamfanin ƙera kayan aiki ya tsaya a teburina. Ya ɗauke ta, ya juya, ya sake juyawa, ya kira abokin aikinsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni."

Yaya, ban shirya faɗin haka daga gida ba, Allah ne shaidata. Amma ba zan ce suɓutar baki ce ba, domin an ba ni damar gyarawa sau da yawa ban gyara ba. An tambaye ni sunan da za a rubuta, na ba da nawa. An kawo takardu na sa hannu. An ɗauke ni hoto riƙe da ita ina murmushi. Da na dawo na ce maka sun karɓa za su duba, ka ce to, Allah Ya sa alheri, ka koma kan aikinka. Kai ake kira Mai Dogon Hannu da wasa, ashe mai dogon hannun gaske yana shagon da ke jikin naka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan wata tara kayan suka fito kasuwa, wata jarida ta buga hotona da labarin mai gyaran firij da ya ƙirƙiro sabuwar sukundireba. Ranar da ka shigo shagona na riga na haddace amsoshi iri-iri. Na shirya wa zagi, na shirya wa ƙara, har mari na shirya wa. Ka shigo da ɗaya daga cikin na kamfanin a hannunka, ka saya da kanka, ka riga ka warware ta. Ka baje sassan a kan teburina.

Ka ce, "Sun rage kaurin haƙoran, kuma ba su gasa ƙarfen yadda ya kamata ba. Za ta karye a hannun mutane, wani ma ya ji ciwo. Ka gaya musu, tunda kai suka sani."

Ka juya ka fita. Ko Mai Sanyi ba ka kira ni ba.

Na gaya musu, amma da suka tambaye ni nawa za a ƙara, kuma a wane zafi za a gasa, na tsaya ina kame-kame. Abin da ka faɗa kuwa shi ya faru. Kayan suka riƙa dawowa a karye, kamfanin ya aiko a gyara zanen, ni kuwa ban san ta inda zan fara ba. Kafin shekara biyu suka daina yi. Na kasa zama a layin. Kowace safiya in ji ƙarar magagarinka ta bango, in ji kamar a jikina kake gogawa. Na kwashe kayana na koma wata unguwa, na ce wa mutane wurin ya yi mini kaɗan.

Shekara bakwai ba mu yi magana ba. In na hango ka a titi sai in shige wani lungu. Sau ɗaya na yi kiciɓis da uwargida a kasuwa, ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga baya na ji cewa duk wanda ya tayar da zancen rabuwarmu a layi kakan ce masa ya miƙo aikin da ya kawo, ko ya ba mutane wuri.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ni, ɓangaren dama. Na yi wata biyar kafin ƙafa ta dawo. Hannu kuwa ya dawo rabi: babban yatsa da biyu na kusa da shi ba sa rufuwa. Na koma shago don in nuna wa kaina ban ƙare ba, amma sukuru ko a fili yake ba na iya riƙe shi, balle na lungu. In ɗauka ya faɗi, in sunkuya in ɗauka ya sake faɗi. Masu kawo aiki suka fara wucewa da kayansu gaba. Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta a lokacin. Na rufe shagon na koma gida na zauna, ba na son ganin kowa.

Wata safiyar Asabar matata ta shigo ɗaki ta ce ina da baƙo. Kafin in tambayi ko wane ne na ga ka cire takalmi a bakin ƙofa, da jakar ledarka a hannu. Gashinka ya yi fari fiye da yadda na bar shi. Ka gaishe ni da jiki kamar jiya muka rabu, ka jawo kujera, ka zauna dab da ni.

Ka ce, "Miƙo hannun."

Na miƙa. Ka juya shi, ka lanƙwasa yatsun ɗaya ɗaya kana tambaya ina ke ji, ina ba ya ji. Ka fito da curin sabulu ka sa mini a tafi. "Matsa iya ƙarfinka." Na matsa. Ɗan shatin da ya fito ko jariri zai fi shi. Na ji kunya ta rufe ni. Kai kuwa ka ɗaga sabulun wajen haske kana dubawa, ka ce, "Yatsun sun tafi hutu, amma gindin tafin da wuyan hannun suna nan da ƙarfinsu. Da su za mu yi aiki."

Sau huɗu ka dawo, kullum da sabon gwaji. Na farko ya yi nauyi. Na biyu yana goge mini fata. A zuwa na huɗu ka kawo wadda nake aiki da ita har yau: mariƙi mai faɗi da ke kwanciya a tafi, da maɗaurin fata da ke zagaye wuyan hannu, ba sai yatsa ya riƙe komai ba. In na tura gaba ta juya sukuru, in na dawo baya ta wuce fayau ba ta mayar da shi ba. A bakinta ka sa wancan kan mai haƙora biyu, na asali, irin wanda ba ya karyewa. Ka sa aka juya firij ɗin gidana, ka nuna mini wani sukuru a bayan injin, ka ce, "Bismillah, Mai Sanyi."

Da sukurun ya fito na kasa riƙe kaina. Na fara cewa, "Yaya, abin da na yi maka..." sai ka ɗaga hannu.

Ka ce, "Kada ka ɗauka ban ji zafi ba. Na ji. Shekara biyu ko sunanka ba na son a ambata. Ba don takardar ba, don kai ne. Amma na yafe tun kafin ka kwanta ciwo, nauyin zuwa ne kawai ya hana ni, kuma wannan laifina ne. Sai dai ba ni kaɗai ka yi wa ba. Yarinyar nan wata uku ta yi tana zanen. Je ka same ta."

Zuwa wurinta ya fi mini tsayawa gaban alƙali wuya. Ta riga ta yi aure, tana aiki a wata masana'anta. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta ce ita ta fara ganin jaridar, ta ɓoye ta kwana biyu a jakarta tana rasa yadda za ta nuna wa mahaifinta. Ta ce, "Na ji, kuma na gode da ka zo. Amma ba zan ce maka yau komai ya wuce ba." Ban ga laifinta ba. Sai da aka yi kusan shekara biyu kafin na sake jin ta kira ni Baffa.

Na ce maka zan rubuta wa jaridar in faɗi gaskiya, ka hana ni. Ka ce kamfanin ya daina yi, zancen ya mutu, kuma ina da yara da za a nuna da yatsa a makaranta. Na bi maganarka. Amma yau zan faɗa, bin maganar ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Na koma layi, na sami shago na uku daga naka, muka yi shekara takwas muna shan shayi a benci ɗaya, mutane suna ganin mun shirya ba su san a kan me muka ɓata ba. Yanzu yarana sun girma, na tara su na gaya musu da bakina. Na nemi izinin uwargida da 'yarka, sun ba ni. Don haka duk wanda ya taɓa ganin hotona riƙe da waccan sukundireba ya sani: ban ƙirƙiro ta ba, ban zana ta ba, ko haƙori ɗaya ban goge ba. Aikin maƙerin layinmu ne, zanen kuma na 'yarsa. Abin da na yi kawai shi ne na ɗauke ta a tsumma na kai, na dawo da ƙarya.

Shekaranjiya muka buɗe shagonka ni da 'yarka don mu mayar wa mutane kayansu. Komai da 'yar takarda a ɗaure, mun gane masu su, mun kira su. Abu ɗaya ne ya gagare mu. A tsakiyar tebur akwai aikin da ba ka gama ba: mariƙi mai nauyi fiye da kima, an fara zuba masa dalma a gindi, da siririn baki irin na ƙananan sukurori, kamar na tabarau ko na agogo. Kusa da shi curin sabulu ne da shatin ƙaramin hannu. A takardar ka rubuta, "Matar da hannunta ke rawa. Ta dawo ƙarshen wata." Ba suna, ba lambar waya. Mun tambayi duk layin, wasu sun ce sun ga wata dattijuwa ta zo sau biyu, ba wanda ya san daga ina.

Baiwar Allah, in wannan rubutu ya iso gare ki, ko ga wanda ya san ki, ki zo. Maƙerin ya rasu, amma 'yarsa ta duba aikin ta ce ta gane inda ya dosa, nauyin don ya danne rawar hannun ne. Ta ɗauki hutu a wurin aikinta, za ta ƙarasa shi. Shagon zai kasance a buɗe kowace safiya har ƙarshen wata, ni ne za ki tarar a benci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida, wadda ta yi shekara arba'in tana haƙuri da mijin da ke kwashe mata kayan kicin. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya ba ki ladan zaman da kika yi da shi. Ina yi wa 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da ƙannensa, da dukan mutanen layin masu gyara. Rashin na kowa ne, amma naku ya fi.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ya sauƙaƙa wa bayinKa abin da ya yi musu wuya, Ka sauƙaƙa masa hisabi. Ya rufa asirin wanda ya cuce shi, Ka rufa masa nasa. Ya yafe tun ba a roƙe shi ba, Ka yafe masa kurakuransa, na sarari da na ɓoye. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce gidansa na ƙarshe. Ka tsare bayansa, Ka albarkaci zuriyarsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Amin.